Fitilar Ishiyaku Mai Ragadada

A Rano, in ka ce Ishiyaku mai ragadada, tsofaffi sukan ɗan yi jim suna lalube. In kuwa ka ce Ishiyaku na fitila, kafin ka rufe baki wani ya fara dariya, wani kuma ya shiga gyaran hula, don kakansa yana kan bencin a daren da abin ya faru.

Abin ba wani babba ba ne. A farkon shekarar da aka samu 'yancin kai Ishiyaku ya je Kano ya sayo fitila, irin mai famfon nan mai huci, wadda in an kunna ta ko allura ce ta faɗi sai ka tsince ta. Ya shigo da ita gari a cikin buhu bai gaya wa kowa ba. Ya bari har aka idar da sallar isha'i, masu cin nama suka cika bencinsa a cikin duhu kamar yadda suka saba, kowa da kasko a cinya. Sannan ya zagaya bayan katanga ya kunna ta, ya ɓullo da ita a sama yana washe baki, yana jiran a sa masa albarka.

Wanda hasken ya fara sauka a kansa shi ne Sharu Halliru, dattijon unguwa, mutumin da ake katse hira in zai wuce. Ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya tura rawani ƙeya, ya riƙe ƙashin ƙafar saniya da hannu biyu kamar mai busa algaita, ido a lumshe, yana zuƙar ɓargo. A gefensa kuwa, gwiwa na gogar gwiwa, Mika'ilu tela ne, mijin 'yarsa Hansatu, da kunnen saniya a baki, rabi a ciki rabi a waje.

Tun ranar da Mika'ilu ya auri Hansatu ko ruwa bai taɓa kurɓa a gaban Sharu ba. In ya hango shi tafe, tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa har sai dattijon ya sha kwana. Shi ma Sharu, in aka raba goro a taro surukin nasa yana wurin, sai ya jefa nasa aljihu. Haka ake yi, haka kuma suka yi wa juna shekara da shekaru da rana. Da dare kuwa, ashe, sun daɗe suna miƙa wa juna ƙoƙon yaji.

Mika'ilu ne ya fara motsi. Ladabi ya ce masa ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ya durƙusa ɗin, amma gaisuwa ta ƙi fita saboda kunnen saniya ya tare hanya. Haɗiyewa ba ta yiwu ba, tofarwa a gaban suruki kuma ta fi muni. Sai ya tsaya a durƙushe, kunne na reto.

Sharu ya buɗe ido. Ya dubi fitila, ya dubi surukinsa, ya dubi ƙashin da ke hannunsa kamar wani ne ya ba shi ajiya. Ya ajiye shi a hankali, ya saukar da hannun riga, ya gyara murya.

"Yankan ya yi daidai, Ishiyaku," in ji shi. "Abin da na zo dubawa ke nan."

Ya miƙe ya tafi a tsanake, irin tafiyar masallacin Juma'a, da takalmi ƙafa ɗaya. Kafin ya kai bakin layi benci ya zama wayam. Wani magidanci da ya bar tuwo a gida a kan cewa cikinsa na murɗa ya bi ta kan katanga. Wani ya rufe fuska da kasko, romo na bin gemunsa, ya fita da baya da baya. Ɗaya kuma da ya ga babu hanya sai ya mirgina gindin bishiya ya fara munshari, wai barci ne ya kwashe shi a wurin tun la'asar. Aka bar Ishiyaku tsaye da fitila a sama tana huci, ga tukunya cike, ga takalmin Sharu a ƙarƙashin benci.

Ishiyaku ɗan Durba ne, ta ƙasar Kibiya, gajere mai faɗin ƙirji, mai tafiya kamar kullum da tukunya a kansa. Ubansa mahauci ne. Shi uban ne ya taso da iyalinsa Rano a zamanin da motocin gyaɗa suka fara zirga-zirga, ya kafa murhu a gindin wata tsamiya a ƙarshen layin tasha, ya ɗora tukunyar ƙasa mai faɗin da yaro zai yi wanka a ciki. Abin da ke shiga tukunyar shi ne abin da masu sayen tsoka suka raina da rana: kai, ƙafa, kunne, harshe, tumbi. A dafa su tun hantsi da citta da kanumfari da masoro, wuta kaɗan-kaɗan, har ƙashi ya saki nama don kansa. Ragadada ke nan. Wanda bai taɓa tsoma gurasa a romonta ba, a je a yi masa jaje.

Babban ɗan, Abdulganiyyu, ya koma Durba ya riƙe gonar gado. Shi ma Ishiyaku an gwada shi a gona yana saurayi, ya nome gero tas ya bar ciyawa tsaye a jere, wai ita ce ta fi kama da mai lafiya. Aka mayar da shi gindin tukunya ba tare da doguwar shawara ba. Da uban ya rasu ya gaji tukunya da benci da tsamiya, da wasu dokoki da tsohon ya bar masa bai yi masa bayaninsu ba. Kada ya kira kowa da sunansa bayan magariba, kowa "baƙo" ne. Kada ya bar harshen wuta ya leƙo daga murhu. Kada ya sassabe rassan tsamiya. Ishiyaku ya bi su sau da ƙafa. Ta wuta ya ɗauka tsimin itace ne, ta tsamiya ya ɗauka saboda aljanu ne, ta suna kuma ya ɗauka mantuwa ce ta kama tsohon ya mai da ita doka.

Layin tasha a wancan lokacin ba ya kwana da yunwa. A bakinsa Jumai ce da tuwon dawa da miyar kuka, tana ciyar da direbobi da 'yan kamasho da gwauraye, tana ƙara musu da faɗa kyauta. Gaba kaɗan masu tsire ne su biyu, ba sa magana da juna amma hayaƙinsu a haɗe yake tashi. Sai teburin Ɗanmalam mai shayi, taubashin Ishiyaku, wanda ke ɗaga kofi sama da kansa yana sheƙa shayi cikin wani kofin, rabi ya shiga, rabi ya sami ƙafar mai saye. Akwai mai kunun zaƙi, akwai mai dafaffen rogo da ƙuli-ƙuli. Can bayan gari kuma akwai wani gida da ake goge, har a sha abin da ba a faɗar sunansa, wanda duk mutumin da ka tambaya zai ce bai san hanyarsa ba, ko da yake ciyawa ba ta taɓa tsirowa a kan hanyar ba. Kowanne daga cikin masu sana'ar nan da 'yar aci-balbal ɗinsa, mai hasken da bai wuce bakin faranti ba. Ƙarshen layi ne kawai babu ko wannan.

Kuma ƙarshen layin ne na manya. Saurayi ko direba ya tsaya a gaban mai tsire ya ci a tsaye, ba wanda zai ce masa kanzil. Amma magidanci mai mata da suruki da ƙofar gida, a gan shi da kasko a kasuwa? Washegari za a ce tuwon gidansa ba ya ciyuwa, maganar ta kai kunnen matar, daga nan ta wuce gidan iyayenta. Sai dai shi ma magidancin Allah bai cire masa hanci ba. Ƙanshin tukunyar Ishiyaku yakan bi iska ya sami mutum a ƙofar masallaci ya riƙe masa riga. Sai a yi sallama da juna, kowa ya kama hanyar gidansa a gaban shaidu, sannan ya zagayo ta lungun marina.

A bencin ba a hira. Mutum ya zauna ya yi ɗan tari, Ishiyaku ya ce, "Baƙo, ƙashi ko laushi?" Baƙo ya amsa da muryar da ba tasa ba. Masu kaurin murya su siranta, masu siririya su kumbura wuya. Ishiyaku ya san kowa da tarinsa, ya san mai son harshe da mai son tumbi, yakan zuba wa mutum abin da yake so tun kafin muryar aron ta gama fita. Abin da bai taɓa tambayar kansa ba shi ne dalilin aron. Ya dai lura duk lokacin farin wata kasuwarsa takan ja baya, sai ya yanke cewa hasken wata yana kashe sha'awar nama, har yakan ba mutane wannan bayani a matsayin ilimi.

Zuwansa Kano ne ya jawo. Ya bi motar gyaɗa ya je sayen kanumfari, yamma ta yi masa a Fagge, ya ga wani mai shayi ya rataye fitila mai famfo, mutane sun yi masa dafifi kamar ana rabon zakka. Ishiyaku ya tsaya ya yi tunani, abin da bai saba yi a tsaye ba. In a duhu benci guda yake cikawa, ai da haske sai ya nemi benci na biyu. Ga shi kuma zai huta da zuba romo a hular mutane, abin da ya faru ba sau ɗaya ba, masu hulunan kuma ba su taɓa cewa komai ba, sukan sa abinsu su tafi. Ya bar kanumfari ya rungumo fitila.

Washegarin abin, da ya fito daga sallar asuba, ya tarar da Ɗanmalam yana jiransa a bakin layi.

"Taubashi, an ce jiya ka fito da rana bayan isha'i."

"Fitila ce," in ji Ishiyaku. "Ci gaba ne ya zo."

"Ya zo kuwa. Na ga ci gaban yana haura katanga da kasko a hannu."

"Ba su saba ba ne. Yau za su dawo."

Ba su dawo ba. Ya sake kunna ta, ya goge benci, ya zauna a tsakiyar haske shi kaɗai kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Mutane suka riƙa tsayawa daga nesa suna kallo, suna cewa Allah mai iko, ba wanda ya matso. Da abin ya ɗauki kwanaki, matarsa Barakatu, wadda ta gane inda matsalar take tun safiyar farko daga bakin matan da suka zo aron rariya, ta zaunar da shi.

"Malam, mutanen nan fa ba nama kaɗai suke saya a wurinka ba."

"Da gurasa."

"Ba gurasa ba. Kashe fitilar nan."

Ya kashe, ya rataye ta a reshen tsamiya. Duhu ya dawo, mutane ba su dawo ba. Wa zai zauna a ƙarƙashin abin da ya taɓa tona masa asiri, ga ta nan a rataye, ga ashana a aljihun mai ita? Ya kai ta gida, aka ce ɓoye ta ya yi a bayan katanga kamar wancan karon. Ya je majalisar ƙofar masallaci ya yi rantsuwa ba zai sake kunna ta a gindin tsamiya ba, dattawa suka ce ai babu laifi ko ya kunna, tunda a cikinsu ba mai zuwa can balle ta dame shi.

Ya gwada aikawa gidaje a rufaffen kwano. Wannan ma bai yi ba. Kwano na shiga zaure sai maƙwabtan da ake cin tuwo tare su gyara zama, a ɗebar wa cikin gida, a ɗebar wa tsohuwa, a ba ɗan auta ƙashi ya tsotsa. Mai gidan da ya yi oda ya tashi da ƙanshi a yatsa. Ba wanda ya sake aikowa.

Sai ya ɗauki takalmin Sharu ya nannaɗe a ƙyalle ya tafi ba da haƙuri. Ya same shi a zaure, ya durƙusa.

"Allah ya ƙara girma, Baba Sharu. Na zo ne a kan maganar daren nan."

"Wane dare?"

"Na fitila."

"Fitila," in ji Sharu, yana jan carbi. "An ce ka sayi fitila. Allah ya sa albarka."

"Ga takalmin da aka bari."

Sharu ya leƙa cikin ƙyallen, ya daɗe yana kallo, irin kallon da mutum ke yi wa ɗansa a hannun 'yan doka.

"Takalmi mai kyau," ya ce. "Allah ya haɗa shi da mai shi. Ni rabona da layin tasha bayan magariba tun ina yaro."

Ishiyaku ya dawo da takalmi ya mayar ƙarƙashin benci. Mika'ilu kuwa Ishiyaku bai ma samu ganinsa ba. Tela ya sauya hanyar zuwa shagonsa, ya rage fita. Hansatu ta ji labari ta ɗauke shi a matsayin ƙorafi a kan girkinta, ta shiga dafa masa kunnen saniya kullum, tana zaune tana kallo har ya cinye.

Tukunya dai ba ta daina hawa wuta ba, don tun zamanin tsoho ba ta taɓa kwana a kife ba, Ishiyaku kuma ya ce ba a hannunsa za a fara ba. Baƙin direbobi sukan ci, su ba ruwansu da wanda ya gan su, amma direba nawa ne? Sauran ya koma gida. Mutanen gidan Ishiyaku suka ci ragadada safe da rana har 'ya'yansa suka fara leƙen tuwon maƙwabta da sha'awa. Karnukan tasha suka yi sheƙi. Barakatu ta ce a sayar da fitila, ya ce a'a. Ya ga laifin fitilar, amma duk yamma sai ya ɗauko ta ya hura wa gilashin numfashi ya goge da gefen rigarsa.

Fitilar ta taɓa yi masa rana sau ɗaya. Ranar ruwan farko ya karya rantsuwa ya kunna ta don ya duba ko murhu ya jiƙe, sai ga shinge, garar nan mai tashi, fukafukai ko'ina, kamar duk surin ƙasar Rano aka kai wa goron gayyata. Suka rufe fitila, suka rufe Ishiyaku, suka faɗa tukunya. Kafin ya gama kakkaɓe gemu tsofaffin mata da yara sun cika wurin da ƙore da kwanoni. 'Ya'yansa suka kai wa Barakatu buhu guda, ta soya da gishiri da yaji, ta yi cinikin da tukunya ba ta yi ba tun rani.

"Ka gani?" in ji Ishiyaku da ya haɗu da Ɗanmalam. "Ta tara jama'a."

"Ta tara, taubashi. Saura masu aljihu."

Damina ta kankama. In an yi ruwa sai a rufe hanyar mota har ta bushe, direbobin ma suka yi ƙaranci. Ana cikin haka wata rana mai jaki daga Durba ya sauke wani abu a ƙofar gidan Ishiyaku, a nannaɗe da tabarma. Fartanya ce sabuwa, da ƙota mai santsi. Ba saƙo, ba gaisuwa. Abdulganiyyu bai taɓa zama mai yawan magana ba.

Ishiyaku ya jingine ta a bango ya zauna yana kallonta har la'asar. Ranar Barakatu ba ta yi masa dariya ba.

"Gero ya kusa ƙarewa a rumbu, Malam," ta ce.

Ya ce ya sani. Ya ce a bar shi ya kai kaka. In kaka ta yi benci bai cika ba, zai kife tukunyar tsoho da hannunsa su koma Durba, ya je ya koyi bambanta gero da ciyawa da furfura a gemu.

Kaka na ƙaratowa aka yi shelar bikin 'yancin kai. Da rana 'yan makaranta suka yi maci da 'yan tutoci, aka yi jawabai. Da yamma mai unguwa ya aiko a ba shi aron fitila, don za a yi kalangu a dandalin bakin layin tasha, kuma ba ya son a ce unguwarsa ta karɓi mulki a duhu. Ishiyaku ya ba da ita da hannu biyu. Aka yi mata famfo har ta yi ƙara, aka ɗaure ta a kan doguwar gora, aka kafa. Gari ya taru. 'Yan mata na rawa, samari na cika baki, dattawa a kan tabarmi a gefe suna kallo da fuskar waɗanda aka tilasta wa.

Ishiyaku bai je ba. Ya zauna a gindin tsamiya kusa da tukunya, wadda a ransa ta kusa zama ta ƙarshe. Daga inda yake yana ganin kowa tar, har haƙoran makaɗi. Abin da bai sani ba, wanda ke cikin hasken nan in ya waiwayo ƙarshen layi ba ya ganin komai sai baƙi ƙirin, duhun da ya fi na da nesa ba kusa ba. Ga iska kuma ta juyo daga wajen tsamiya, ta ɗauki ƙanshin kanumfari ta kai har kan tabarmar dattawa.

Can sai ya ji takun mutum, sannan benci ya yi ƙara, sannan ɗan tari. Ya san tarin. Har bakinsa ya buɗe zai ce Baba Sharu, sai dokar tsoho ta riƙe masa harshe, kuma a karon farko ya gane abin da take nufi.

"Baƙo, ƙashi ko laushi?"

"Ƙashi," in ji wata siririyar murya kamar ta tsohuwa. Sannan ta ƙara da cewa, "Waccan abar, guda nawa ce gare ka?"

"Ɗaya ce, baƙo."

"Ita ce waccan a kan gora?"

"Ita ce."

"Doguwar gora ce kuwa."

"Sai da tsani."

"Madalla. Ƙara romo."

Daga nan suka fara sulalowa. Mutum ya tashi daga tabarma ya ce zai ɗan zaga, ya fita daga haske ya ɓace kamar an shafe shi. Kowa kafin ya zauna sai ya waiga ya tabbatar fitila tana can a inda take, sannan ya naɗe hannun riga. Benci ya cika, wasu suka tsuguna a ƙasa. Ishiyaku na ta zubawa cikin sauri, har ya sake zuba wa wani a hula, mai hular ya ce ba komai da murya mai kauri.

Daga baya wani ya zo ya raɓa a ƙarshen benci, ya yi tari ƙasa-ƙasa, ya nemi laushi, amma ya roƙa don Allah kada a sa masa kunne. Ba a jima ba siririyar muryar nan ta ce, "Baƙon da ke gefena, miƙo mini yaji." Ishiyaku, da idonsa ya saba da duhun wurin, ya ga inuwa ta sauka daga benci, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta miƙa ƙoƙon yaji da hannu biyu.

"Allah ya yi maka albarka, baƙo," in ji siririyar murya. "Daga gani kana da tarbiyya. A gaida mutanen gida."

"Za su ji," in ji ɗayar, da muryar basamude.

Da aka watse Ishiyaku ya kankare tukunya har ƙasa, sannan ya laluba ƙarƙashin benci. Takalmi ba ya nan.

Washegari ya je wurin mai unguwa ya ce ya bar wa unguwa fitila, da sharaɗin kada a sauko da ita daga gorar nan sai don zuba kananzir da kunnawa, kuma a yi hakan a gaban jama'a. Mai unguwa ya yaba masa a kan kishin ƙasa. Ɗanmalam ya jawo teburinsa gindin gora ya ɗauki nauyin kananzir da famfo. Jumai ma ta matso, masu tsire suka matso kowa ta nasa gefen. Gindin fitila ya zama majalisa, magidanta suka sami abin faɗa a gida: za su je hira a ji labarin sabuwar gwamnati. Su je kuwa, su zauna a gan su, su taɓa maganar haraji da ta gyaɗa, sannan ɗaya bayan ɗaya a tashi zagawa. Matan ma sun sani. Barakatu ta ce babu macen da ba ta jin ƙanshin kanumfari a gemun mijinta, sai dai tunda ba a gani ba, ba wanda ya ci.

Ishiyaku ya nemi benci na biyu, kamar yadda ya yi hasashe a Fagge. Fartanya ya mayar wa mai jaki, da dafaffiyar ƙafar saniya ɗaure a ƙotarta, shi ma ba saƙo. Farin wata ne kaɗai bai taɓa sauya ra'ayi a kansa ba. Har ya tsufa yana nan a kan cewa yana kashe sha'awar nama.

Tsokana kuwa ba ta ƙare ba. Yara in sun gan shi sukan kumbura kumatu su kama huci irin na fitila. Ango in za shi gaida surukai a ce masa ya fara duba ko Ishiyaku yana kusa. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da juya ludayi. Wata rana bayan isha'i, shi da Ɗanmalam duk sun yi furfura, taubashin ya taka har gindin tsamiya yana lalube da ƙafa, ya yi tuntuɓe da benci, ya zauna yana murza ƙwauri.

"Ni dai a duk ƙasar Rano da Kibiya ban ga mai wayonka ba, taubashi," in ji shi, da ɗan ƙarfi don baƙin da ke benci su ji. "Mutum ya hau mota har Kano, ya sayo fitilar da ta fi ta kowa, ya dawo ya zauna a duhu, ni ina can ina shan haske a banza."

Aka ji dariya a benci, da muryoyin aro iri-iri.

Ishiyaku ya zuba masa romo ya miƙa masa.

"Ai ba duhu ɗaya ba ne, baƙo," ya ce. "Na da na Allah ne, kowa yana da irinsa a bayan ɗakinsa. Wannan ɗan Kano ne, sai an yi masa famfo. Kai kuma kake yi mini."